Gidajen Gonar Jiran Saki a Nebada da Matsalar Fassararsu

1.0 Gabatarwa
Wannan maƙala za ta duba tarihin wasu gidajen gona a jihar Nebada ta Amurka, inda mata masu neman rabuwa da mazajensu kan sauka. Daga nan sai a ga irin tarkon da ke jiran ɗalibin fassara idan ya zo kawo labarin cikin Hausa.

2.0 Asalin Al'amarin
A Amurka kowace jiha da dokarta ta aure. A Niyok, alal misali, har zuwa gyaran 1966 kotu ba ta raba aure sai an tabbatar da zina. Nebada kuwa ta yarda da dalilai da dama, ciki har da cutarwa, amma da sharaɗin mai ƙara ya zama mazaunin jihar. Da fari wata shida ake zama. A 1927 aka mayar da shi wata uku, sannan a 1931, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, aka rage shi zuwa mako shida domin jawo baƙi da kuɗinsu.

Galibin masu zuwa mata ne, domin mazan na riƙe da ayyukansu. Masu hali kan sauka a gidajen gona da ke kewayen garin Rino, kamar Flying M E a kwarin Washo da wani a bakin tafkin Firamid. A can ake ba su ɗaki da abinci da dawakan kilisa. Muhimmin aikin mai masauki shi ne ya je kotu ya rantse cewa ya ga baƙuwar kullum a makonnin nan. Marasa ƙarfi kuwa sai su kama ɗakin haya, su nemi aikatau har wa'adi ya cika. Kasuwar ta fara mutuwa bayan dokar Kalifoniya ta 1969, wadda ta fara aiki a 1970, ta ba da damar rabuwa ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, sauran jihohi suka bi sahu.

3.0 Ina Kalmar Hausa?
A ce an ba ɗalibi wannan labari a aji nan Bauchi. Kalmomi uku za su fara zo masa, kowace kuma da illarta.

Yaji: mai yaji gidan iyayenta ko na wani babba take tafiya, kuma ana sa ran miji ya yi biko. Matar Rino wurin baƙi ta je, ta biya kuɗi, ba ta jiran biko.

Idda: ita bayan saki take zuwa, kuma a shari'a a gidan miji ake yin ta, da damar kome idan sakin bai kai uku ba. Mako shidan Nebada kafin saki ne, manufarsa kawai kotu ta sami hurumi.

Zawarci: bazawara ta riga ta fita daga aure. Waɗannan mata da igiyar aure a kansu suke zaune, don haka "gidan zawarawa" kuskure ne.

Ko kalmar saki ma sai an yi hattara. A wurinmu miji ke saki. Idan mace ce ta kai ƙara, alƙali kan raba auren, ko a yi hul'i ta mayar da sadaki. A Nebada kotu kaɗai ke rabawa. Ke nan "gidan gonar masu jiran kotu ta raba aurensu" ya fi kusa da ma'ana, duk da tsawonsa.

4.0 Kammalawa
Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Kafin mai fassara ya ɗauki kalma, ya tambayi kansa: wa ke jira, a ina, kafin me ko bayan me? Wanda ya kira zaman Rino idda ya jingina wa matan hukuncin da bai hau kansu ba, ya kuma ɓatar da mai karatu.