Tabon da Bai Goge Ba: Darasi daga Rayuwar Yosefina Bakhita

Karatu: Farawa 16:1-14, Yahaya 20:24-29

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, sau da yawa mukan ɗauka cewa wanda Allah ya cece shi, dole ne ya manta da dukan azabar da ya sha. Tarihin wata baiwar Allah 'yar Sudan da ta yi zaman baƙunci a Italiya ya koya mana cewa ba haka abin yake ba.

Azabar da ta sha

An haife ta a yankin Darfur wajen shekara ta 1869. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta. Firgita ta sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata, su kuwa suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a. An sayar da ita sau da dama. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka cusa gishiri a ciki domin tabon ya zauna.

Baƙuwa a ƙasar wasu

A 1885 aka kai ta Italiya, ta zama mai reno. Da ta ƙi komawa Sudan tare da uwargijiyarta, sai matar ta nace cewa Bakhita mallakarta ce. A ranar 29 ga Nuwamba, 1889, kotu ta yanke hukunci cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Aka yi mata baftisma a 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo, tana aikin girki da tsaron ƙofa. Mutanen garin sun ƙaunace ta, amma laƙabin da suka sa mata na launin fatarta ne.

Rauni har ƙarshe

Da tsufa ya zo, ciwo ya ɗaure ta a kan keken guragu. A kan gadon mutuwarta, a 1947, hankalinta ya koma kwanakin bauta, ta roƙi a sassauta mata sarƙoƙi. Ku lura: shekara 57 bayan baftismarta, tsoron nan bai rabu da ita ba. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ta gafarta wa masu azabtar da ita, tabon kuwa yana nan. Ubangijinmu ma da ya tashi daga matattu, da alamun ƙusoshi ya nuna kansa ga Toma.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Har yau akwai 'yan matanmu da ake bi da su ta Agadas da Libiya zuwa Turai. Wasu sukan dawo da naƙasa, wasu da mafarkai masu ban tsoro. Allah ya ga Hajaratu, baiwa kuma baƙuwa, a jeji. Kada mu ce wa irin waɗannan, "Ai ya wuce, ki manta." Mu saurare su, mu rufa musu asiri, mu kai su ga likita, muna kuma yi musu addu'a.

Tambayoyi don iyali

1. Gafartawa da mantawa abu ɗaya ne?
2. Wace baƙuwa ko naƙasasshiya ce a ikkilisiyarmu ba mu taɓa ziyarta ba?

Addu'a

Ya Allah mai gani, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda kake gani. Amin.