Darasin Kimiyya: Biskit Mai Saƙo a Cikinsa

Ɗalibai, ku ajiye alƙalami tukuna, ku saurari tambayar yau. Akwai wani biskit siriri, naɗaɗɗe, mai ƙamas-ƙamas, wanda in ka ɓalle shi sai ka tarar da 'yar takarda a ciki ɗauke da saƙo. Ta ina takardar ta shiga? Wanda ya ce a cikin ƙullu aka cusa ta kafin gashi, bai samu ba. Wanda ya ce huda biskit ɗin aka yi daga baya, shi ma bai samu ba, don da an taɓa shi da tsinke zai farfashe. Amsar ita ce, akwai wani ɗan lokaci, wanda bai kai rabin minti ba, da biskit ɗin ke lanƙwasuwa bayan an sauke shi daga wuta. A wannan lokacin ake ɗora takarda a naɗe. Wannan ɗan lokacin shi ne darasinmu, kuma za mu ga cewa masu alewa sun daɗe suna aiki da shi.

Daga ina ya fito?

A Amurka, gidajen abincin 'yan ƙasar Sin ne ke miƙa wa mutum wannan biskit bayan ya gama cin abinci, shi ya sa da yawa ke zaton can ne asalinsa. A ƙasar Sin kuwa da wuya ka gan shi. Sawunsa ya fi komawa Japan, wajen birnin Kiyoto, inda ake gasa wani mai kama da shi, sai dai ya fi girma da duhu, ana kuma maƙale takardar a lungun naɗin ta waje. Akwai zanen mai gasa shi a wani littafin Japan na shekarar 1878. A farkon ƙarni na 20, Makoto Hagiwara yana ba baƙinsa shi a lambun shayi na Japanawa da ke San Faransisko, yayin da David Jung na Los Anjalis ya ce shi ya ƙirƙire shi a 1918. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta tsare Japanawan ƙasar kimanin 120,000 a sansanoni, wuraren gashinsu suka rufe, sana'ar ta ƙara komawa hannun 'yan Sin. Tarihi ya isa haka, mu shiga madafa.

Kayan haɗi

Farin ƙwai biyu, ban da gwaiduwa. Fulawa cokali 8, sukari cokali 8, man gyaɗa cokali 3, ruwa cokali 1, da ɗan gishiri. Cokalin cin abinci nake nufi, a shafe bakinsa, ba a tula ba. Wannan zai ba da biskit goma ko sha biyu. Ku lura sukari da fulawa kai ɗaya suke a awo. A burodi ko gurasa ba haka ba ne, fulawa ce sarauniya, sukari ɗan rakiya. A nan sukari ke riƙe da ragamar aikin, za ku ga dalili.

A kaɗa farin ƙwan har ya ɗan yi kumfa, kada ya tashi. A zuba mai da ruwa, sannan sukari da fulawa da gishiri, a gauraya har ya yi sumul. A ɗebi cokali guda a zuba kan faranti da aka shafa wa mai, a baza shi da bayan cokali ya zama da'ira mai faɗin santimita 8, siririya ƙwarai. Kada a gasa fiye da biyu a lokaci guda.

Aikin kowane ɗaya

Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kimanin kashi 10 furotin. Ƙwayoyin furotin ɗin a dunƙule suke. In zafi ya kai digiri 60 zuwa 65 sai wasu su fara warwarewa, mafi yawansu kuma sai wajen digiri 80, su sarƙe da juna su zama raga. Ragar nan ce ke riƙe da'irar kada ta yage in an ɗaga ta. Gwaiduwa kuwa mai ne ya yi mata yawa, tana sa abu ya yi taushi irin na kek, abin da ba mu so a nan.

Fulawa tana kawo abu biyu: sitaci da danƙo. Danƙon alkama, wanda masana ke kira gulutin, yana samuwa ne idan furotin iri biyu da ke cikin alkama suka haɗu da ruwa aka murza su. Wani masani a birnin Bolonya na Italiya, Jacopo Beccari, ya raba shi da sitaci tun 1728 ta hanyar wanke ƙullu da ruwa, kuma kowannenku zai iya yin haka a gida da kwano ɗaya. To, mu 'yan Ɗandume ne, garin da manyan motoci ke lodin masara a kasuwarsa zuwa sassan ƙasar nan, don haka na san wani zai ce, "Malam, me zai hana a sa garin masara?" Masara da dawa da gero duk suna da sitaci, suna da furotin, amma furotin ɗinsu ba ya yin wannan danƙo. Shi ya sa tuwon masara ke gutsuruwa, ƙullun alkaki kuma ke miƙewa a murɗa shi. Biskit ɗinmu danƙo kaɗan yake so, daidai wanda zai sa ya jure naɗi. In aka yi ta bugun ƙullun, danƙo ya yi yawa, biskit ya fito da tauri, haƙori ya sha wuya. Man gyaɗa yana lulluɓe garin ya rage haɗuwarsa da ruwa, don haka shi ke taka wa danƙon birki.

Wuta

Ana bukatar zafi kamar digiri 175 zuwa 180, na minti 6 zuwa 8. Mai oven ya huta. Wanda ba shi da ita ya yi abin da iyayenmu mata ke yi in za su gasa kek: babbar tukunya, a zuba yashi mai tsabta a gindinta, a ɗora kan gawayi, a rufe ta yi zafi sosai kafin a saka faranti, a ɗan ɗora garwashi a kan murfi. Yashi yana tara zafi ya sake shi a hankali, yana kuma hana wuta cin wuri guda. A cikin tukunyar nan zafi na isa ga biskit ta hanya uku: ta taɓawa daga faranti, ta iska mai zafi da ke kewayawa, da kuma hucin da ke fitowa daga murfi da bangon tukunya.

Muddin ƙullu na da ruwa sosai, zafinsa ba ya wuce na tafasar ruwa da yawa, wato digiri 100, mu da ke kan tudu ma wajen 98. Sai ruwa ya ƙafe sannan zafi ya haura. Gefen da'ira ya fi sirantaka, shi ke fara bushewa, shi ke fara ja. Wannan jan yana fitowa ne daga haɗuwar furotin da wasu nau'o'in sukari, abin da wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912, kuma yana sauri in zafi ya haura digiri 140. Shi ke ba ɓawon gurasa da tsire launi da ƙanshi. Daga wajen digiri 160 sukari shi kansa yana fara soyuwa ya yi ruwan zuma. Alamar saukewa ita ce gefe ya yi ja kamar faɗin ɗan yatsa, tsakiya kuma ta daina sheƙi.

Zuciyar darasin

Yanzu ku buɗe kunne. Sukarin da muke saya ƙwayoyi ne, a cikin kowace ƙwaya sinadaran a jere suke sahu-sahu. In ya narke a ruwa, jerin ya watse. In ruwan ya ƙafe da sauri abin kuma ya huce da sauri, sinadaran ba sa samun sukunin komawa sahu, sai su daskare inda suke, a hargitse. Abin da ya daskare a hargitse haka, a kimiyya gilashi ake ce masa, ko na taga ne ko na sukari. Shi kuma gilashi ba ya narkewa farat ɗaya yadda ƙanƙara ke yi. Yana da wani matakin zafi wanda a samansa yake laushi, ya lanƙwasu, ya miƙe, a ƙasansa kuma ya ƙame, in an matsa ya fashe. Ga busasshen sukari, wannan mataki yana tsakanin digiri 60 da 70.

To ku haɗa lissafin. Biskit ya fito daga wuta da zafi sama da digiri 100, can sama da matakin, don haka laɓa-laɓa yake. Amma siriri ne, fuskarsa da faɗi, jikinsa ba nauyi, zafi na gudu daga gare shi nan da nan. Cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 ya gangaro ya ƙetare matakin, ƙofa ta rufe. Saboda haka takarda tana hannu tun kafin a buɗe tukunya. A ɗaga da'irar da wuƙa mai faɗi, a kife ta, a ɗora takarda a tsakiya, a ninka biyu a manne gefe da gefe, sannan a ɗora gindin ninkin a kan bakin kofi a ja kusurwoyin biyu ƙasa. A saka shi cikin ƙaramin kofin shayi ya huce, kada ya buɗe. Yana ƙuna, ku sa safar hannu ta auduga. In ya riga ku ƙamewa, ku mayar da shi wuta na ɗan lokaci zai sake laushi, domin wannan canji yana tafiya yana dawowa. Dahuwar ƙwai ba ta dawowa, jan Maillard ma haka. Ku riƙe bambancin, yana fitowa a jarrabawa.

Mai alewa bai taɓa jin sunan wannan mataki ba, amma hannunsa ya san shi fiye da nawa. Yana dafa sukari da ruwa har ruwan ya kusa ƙarewa, ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya ga ko zai ƙame ya karye, wanda ke faruwa wajen digiri 150. Sai ya juye, ya jira ta ɗan huce, ya yi ta ja yana ninkawa tun tana da zafi, iska na shiga tana fari, ya yanka kafin ta ƙi. Ɗan tsamin da ake sakawa, na tsamiya ko na lemo, yana raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, su kuma su hana sauran komawa ƙwayoyi.

Ruwa da yanayi

Ba zafi kaɗai ke sassauta gilashin sukari ba, ruwa ma yana yi. Ruwa kamar kashi 5 cikin 100 ya isa ya sauko da matakin daga digiri 60 da wani abu zuwa ƙasa da zafin ɗakin nan. Ma'ana biskit zai yi laushi ba tare da ya ga wuta ba. Daga nan muka fahimci abu biyu. Wanda aka sauke da wuri, tsakiyarsa da sauran danshi, ba zai taɓa yin ƙamas ba ko ya kwana. Wanda kuma ya gasu da kyau yana iya lalacewa a ajiye, don sukari na zuƙar laima daga iska. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke zuba daga Funtuwa har Malumfashi, iska cike take da laima, biskit da aka bari a buɗe da safe kafin la'asar ya zama tsumma. A Janairu, cikin hunturu, iska ta bushe har leɓe na tsagewa, sai ya daɗe garau. Amma a hunturu lokacin naɗi ya fi gajarta, don sanyi da iska na kwashe zafin da sauri. Mai son yin sana'a da shi, na biki ko na suna, ta sa shi cikin gwangwani mai murfi da zarar ya huce sarai, kada ta rufe shi da ɗumi, tururinsa zai dawo masa.

Takardar

Takarda ba ta kamawa da wuta sai wajen digiri 230, don haka ba ƙuna ke hana a gasa ta tare da ƙullu ba. Jiƙewa za ta yi, ta sha mai, ta manne. Mai yana narkar da tawada iri-iri ya shigar da ita cikin abinci, dalilin da ya sa nake ƙyamar ƙosai a takardar jarida ke nan. A yanka farar takarda mai tsabta, tsawon santimita 6, faɗin 1, a rubuta da fensir ko tawadar da aka yi don abinci, a ninka rubutun ta ciki.

Me za a rubuta? A Amurka sukan sa kalaman hasashen gobe da lambobin caca. Mu ba duba muke yi ba, wannan ba namu ba ne. A sa barka da shan ruwa, ko murnar saukar karatu, ko kacici-kacici, ko sunan amarya da ango. Kada a rubuta aya ko sunan Allah, domin 'yar takardar nan ƙarshenta ƙasa ne, a tattake ta. A kuma gaya wa mai ci da takarda a ciki, musamman in yaro ne.

Aikin gida

Ku kasu rukuni uku. Rukuni na farko ya gasa kamar yadda na faɗa, ya ƙirga daƙiƙoƙi daga saukewa zuwa lokacin da da'ira ta fara tsagewa in an lanƙwasa, sau biyar, ya fitar da matsakaici. Na biyu ya maye gurbin fulawa da garin masara mai laushi, ya rubuta abin da ya faru wajen naɗi. Na uku ya ajiye biskit ɗaya a buɗe, ɗaya a rufaffen gwangwani, ɗaya a gwangwani tare da jiƙaƙƙen ƙyalle da bai taɓa shi ba, ya karya su bayan awa 24. Kowane rukuni ya rubuta hasashensa kafin ya hura wuta, ya kuma sa kwanan wata da yanayin garin a saman shafi. Ranar Litinin zan karɓa.