Na sayi mota don tattalin mai, yanzu ita ke cinye min aljihu

Injiniya, bayan cire tallafin mai a 2023 na sayar da tsohuwar motata, na cika kuɗi na sayi Prius 'yar Kwatano, har ina yi wa yayana gori. Kwanaki a hanyar Kano zuwa Zariya jar fitila ta kama. Na zuba mata fiya wata, na lallaɓa ta wurin makaniken da muka tashi unguwa ɗaya. Ya ce motar Turawa ce, don ƙasar sanyi aka yi ta, ya cire tamostat, ya karɓi kuɗina. Yanzu injin ba ya mutuwa a gosulo kamar da, mai yana tafiya, ruwa yana raguwa. Na koma, ko ɗaga kai bai yi ba, wai haka suke. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya! Yayana kuwa in ya gan ni sai dariya. Ba kuɗin ke min ciwo ba, wannan "haka suke" ɗin ne. Cutata ya yi? Ko in sayar da ita in huta?

Mai karatu daga Zariya

Malam, ba ka faɗi shekarar motar ba, ba ka ce an sa mata kwamfuta ba, amma labarin tuwo ya samu wuri. To, tunda ka ambaci tamostat, a nan zan tsaya.

Na sha faɗa a filin nan: tamostat ba kayan ƙasar sanyi ba ne. A Japan ake ƙera Prius, kuma motocin Saudiyya da nasu tamostat suke yawo a cikin zafin da ya fi na Zariya. Aikinsa ya tsare ruwa har injin ya kai wajen digiri 82, sannan ya sake shi zuwa lagireto. Mota mai injin da batir ba ta kashe injinta a tsaye sai kwamfutarta ta ga ya ɗumama. An cire abin da ke ɗumama shi, ka ga dalilin da ya sa yake ta aiki yana shan mai. Abokinka bai yi niyyar cuta ba, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Kai ma da laifinka: ruwan leda yana kawo tsatsa, nata ruwan mai launin hoda ne na Toyota.

Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, me ya kunna fitilar tun farko? Wannan har yau ba a taɓa shi ba. Prius ba ta da allurar zafi, kuma hanyoyin ruwanta biyu ne, na injin da na inbata, kowanne da tankinsa. Ka tada ta har READY ta fito, ka leƙa tankin inbata. In ruwan ba ya motsi, famfonsa ya mutu, kwamfuta kan nuna P0A93. In taka daga 2010 zuwa 2015 ce, famfon ruwan injin ma na lantarki ne, ba bel, yana iya tsayawa shiru, lambarsa P261B.

Raguwar ruwan ta fi damuna. In da safe injin yana karkarwa kafin ya daidaita, ko farin hayaƙi na fita, a gwada gasket ɗin kan injin, a kuma duba EGR, don toshewarta sananniyar matsala ce a ƙirar 2010 zuwa 2015. Kada ka buɗe murfin ruwa da zafi, kada kowa ya taɓa wayoyi masu ruwan lemo.

Maganar sayarwa ba zan ɓata tawada a kanta ba. A mayar da tamostat na asali, a wanke hanyar ruwa, a fitar da iska, a karanta lambobin a wurin wanda ya san irin motar. Abokinka ka ci gaba da gaishe shi, amma makullin motar nan kada ya sake shiga hannunsa.