Darasi: Filin Coci Amana Ce A Hannunmu

Karatu: Zakariya 8:1-8; Markus 10:13-16; 1 Korintiyawa 9:24-27

A yawancin ikklisiyoyinmu akwai fili kusa da coci ko makaranta, inda yara ke buga ƙwallo da yamma, Zumuntar Mata Katolika ke yin taro, mu kuma muke yin Misa a waje ranar da jama'a suka fi ƙarfin ɗakin sujada. A yau filayen nan suna raguwa. Wasu an jera musu shaguna domin kuɗin haya, wasu maƙwabta sun ci iyakarsu, wasu kuma sun zama juji. Darasinmu zai duba abin da bangaskiyarmu ke koya mana game da su.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Annabi Zakariya ya yi wa'azi wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Ubangijinmu, ga mutanen da suka komo daga bautar Babila suka tarar da Urushalima kango. Sa'ad da Allah ya ba shi hoton birnin da zai sabunta, abin da ya nuna masa shi ne tsofaffi maza da mata zaune a dandali, kowa da sandarsa saboda yawan shekaru, yara maza da mata kuma sun cika wurin da wasa. Ashe alamar salama a gari ita ce tsoho ya sami wurin zama, yaro ya sami wurin wasa, ba mai jin tsoro. Kakanninmu ma sun san haka, gama kowane gari yana da dandali, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa, manya kuma suna sa ido.

A cikin Bisharar Markus, almajirai sun tsawata wa masu kawo yara wurin Yesu, amma shi ya ji haushi, ya rungume yaran, ya sa musu albarka. Manzo Bulus kuwa ya ɗauki misalin mai tsere domin ya koya wa Korintiyawa kamun kai. Yaron da ya koyi zuwa horo a kan lokaci, da bin hukuncin alƙalin wasa, da miƙa hannu ga wanda ya cinye shi, ya fara koyon halin da Manzo ke magana a kai.

Misalin Waliyyi Yohanna Bosko

An haifi Yohanna Bosko a ƙasar Italiya a 1815. A 1841, yana sabon Fada a birnin Turin, ya fara tara yara marasa galihu waɗanda suka baro ƙauyuka neman aiki. Yakan yi wasa da su, ya koya musu katikisma, ya kai su Misa. An yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri saboda hayaniya, har masu wata makiyaya da ya yi haya suka sallame shi domin yaran sun tattake ciyawa. A 1846 ne ya sami wata rumfa da ɗan fili a unguwar Valdocco, daga nan kuma ƙungiyar Salesiyawa ta tsiro a 1859. Ya rasu a 1888, muna tunawa da shi kowace 31 ga Janairu. Abin lura shi ne shi kansa yana cikin filin tare da yaran, ya san sunan kowa da damuwarsa.

Koyarwar Ikklisiya

Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta 1965 a kan Ikklisiya a duniyar yau, ta koyar cewa wasannin motsa jiki suna taimaka wa natsuwar zuciya, suna kuma ƙulla zumunci tsakanin mutane na kowane matsayi da kabila. Wannan koyarwa ta shafe mu ƙwarai. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni da yawa sun rabu bisa ga addini, yara suna tasowa ba su san takwarorinsu na ɗaya gefen ba. Filin ƙwallo yana cikin 'yan wuraren da ɗan Kirista da ɗan Musulmi za su iya sa riga iri ɗaya. Wanda ka saba miƙa wa ƙwallo, da wuya wani ya zuga ka ka ɗaga masa hannu.

Hakkin da ke kanmu

Mun san ikklisiya tana bukatar kuɗi, amma bari Majalisar Ikklisiya ta yi lissafi sosai kafin a aza tubali. Bisa ga dokar wasan, filin ƙwallo na manya ba ya kasa mita 90 a tsawo da mita 45 a faɗi. Layin shaguna ɗaya ya isa ya kashe shi, ginin da aka yi kuwa ba ya komawa fili. Yaran da aka kora ba za su zauna a gida ba, za su nemi wata matattara, inda mai sayar da ƙwaya ke jiransu.

Saboda haka mu tabbata filinmu yana da takardun mallaka, an kai kwafinsu ofishin diyosis. Mu dasa itatuwa a kan iyaka, su zama shaida da inuwa ga tsofaffi. Mu naɗa dattawa maza da mata da za su riƙa zama a bakin fili da yamma tare da shugabannin matasa. Mu ware wa 'yan mata ranakunsu, kada samari su mamaye wurin. Mu tsayar da wasa a lokacin Misa da katikisma. Mu kuma bar ƙofa a buɗe ga yaran unguwa, kowane ne addininsu, muddin za su bi doka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne ke amfani da filinmu, su wa kuma aka bari a baya?
2. Wane ne a cikinmu ya san sunayen yaran da ke wasa a wurin?
3. Wane aiki ɗaya ƙungiyarmu za ta yi wa filin kafin damina?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka ba mu ƙasa da 'ya'ya. Ka ba mu hikimar riƙon amanarsu, ka sa dandalinmu ya zama wurin salama ga yaro da tsoho, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.