Shawara Ga Mai Son Rubuta Littattafan Yara

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa, da zarar an yi maganar rubutu, sai hankalinmu ya tafi ga ƙagaggun labarai na manya ko waƙa. Ba kasafai muke tunawa da yara ba. Alhali kuwa yaron da bai ɗanɗani zaƙin littafin Hausa a firamare ba, da wuya ya neme shi in ya girma. A wannan 'yar muƙala zan kawo shawarwari ga mai sha'awar shiga wannan fage.

Fara Da Nazarin Magabata

Kafin ka ɗauki alƙalami, karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Lura da yadda aku yake riƙe hankalin Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita daga fada. Aikin marubucin yara ke nan: hana mai karatu tashi. Imam ya aro wasu labaran daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, amma ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Haka kuma ka nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, don ka ga yadda ake mai da abin baka ya zama rubutu.

San Wanda Kake Rubuta Wa

Ɗan shekara 6 da ɗan shekara 12 ba ɗaya ba ne. Na farko yana haɗa baƙi da wasali ne, jimla ɗaya ko biyu a shafi ta ishe shi, hoto ya ƙarasa sauran bayani. Na biyu kuwa yana son babi-babi da ɗan rikici a cikin labari. Ka sani kuma littafin hotuna yawanci shafi 32 ne, saboda yadda maɗaba'a ke naɗe takarda takwas-takwas. Don haka ka raba labarinka shafi-shafi tun farko.

Kula Da Harshe

Nan ne gizo ke saƙar. Ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, na san inda mai koyon karatu yake tuntuɓe, domin rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya zama wurin zama ko abin tuwo, "kuka" kuma itace ko zubar da hawaye. Babba yana ganewa nan take, yaro kuwa sai ya tsaya. Saboda haka ka sa kalmar a jimlar da za ta fayyace ta. Kada kuma ka yi sakaci da ɓ da ɗ da ƙ, domin "kafa" daban, "ƙafa" daban.

Yi amfani da amsa-kama irin su tsit da fes da tinjim, da kuma maimaici irin na tatsuniya. Ƙarancin kalmomi ba kasawa ba ne. Dr. Seuss na Amurka ya rubuta Green Eggs and Ham a 1960 da kalmomi daban-daban 50 kacal.

Kada Ka Yi Wa'azi

Yara suna son Gizo ne saboda wayonsa da yadda asirinsa ke tonuwa, ba don an jera musu nasiha ba. Bari darasi ya fito daga abin da ya sami tauraron labari.

Kammalawa

In ka gama, tara yara huɗu ko biyar ka karanta musu da babbar murya. Inda suka fara wasa, yanke wurin. Inda suka ce ka sake, ka dace. Su ne alƙalanka na farko, kafin malami, kafin maɗaba'a. Allah ya ba mu sa'a.