Yadda Ake Sallamar Tsohuwar Laburare Daga Python

Goge laburare daga cikin Python aikin minti biyar ne, amma kafin a kai ga gogewar sai an ci shekaru.

Ana farawa da rubuta takardar shawara. Wadda ta fi yin suna ita ce PEP 594, ta Christian Heimes, daga baya Brett Cannon ya sa hannu. An kawo ta a 2019, ba a amince da ita ba sai 2022. A ciki aka jera tsofaffin kayan da Python ke tafe da su tun zamanin da intanet ke rarrafe: cgi, telnetlib, nntplib, audioop, uu da sauransu. Babban laifinsu, galibinsu babu mai kula da su. Masu riƙe da Python galibi 'yan sa-kai ne, kuma duk laburaren da ke cikin ƙunshin dole a gwada ta a kowace sabuwar fitowa, a toshe mata ɓaraka idan ta ɓullo, ko da marubucinta ya daɗe da barin fagen.

Daga nan sai ƙidayar masu amfani da ita, kuma a nan ake gane gwani. Ana sauko da manhajojin da aka fi ɗauka a rumbun PyPI, a bincika wa ke kiran sunan laburaren. Sabon shiga yana ganin adadin ya yi kaɗan sai ya ce a cire. Wanda ya daɗe a aikin ya san abin da ke fili kaɗai ya ƙirga. Manhajar da wani ya rubuta wa banki ko ɗakin gwaje-gwaje shekara goma sha biyar da suka wuce ba ta cikin kowane rumbu, tana can tana aiki shiru, mai ita bai ma san ana muhawara ba. Akwai kuma masu amfani ta bayan gida: ba su taɓa jin sunan audioop ba, amma pydub da suke sarrafa sauti da ita a kanta ta jingina. Shi ya sa ake baza jerin sunayen a jira koke. Da haka laburaren wave ta tsira, aka ce malamai na koya wa yara fitar da sauti daga kwamfuta da ita. Ni dai na ji daɗin wannan hujjar.

Sai gargaɗi. Ƙa'ida ita ce laburaren ta riƙa sanar da cewa kwananta ya ƙare har fitowa biyu a jere, ba a rubuce cikin littafin bayani kawai ba. An taɓa tuntuɓe a nan. A ƙarshen 2021 aka cire asyncore da asynchat da smtpd, alhali tun Python 3.6 littafin ke cewa a guje su, amma gargaɗin da mai aiki zai gani a allonsa bai fara ba sai 3.10. Majalisar jagororin Python ta sa aka mayar da su, suka zauna har 3.12 a 2023.

Sauran aikin shara ce: a goge fayil da gwaje-gwajensa, a rubuta abin da zai maye gurbinsa. A Oktoban 2024 Python 3.13 ta fito babu laburare 19 na wancan jerin. Masu buƙatar audioop suka kwashe ta zuwa PyPI da sunan audioop-lts, yanzu su suke ɗawainiya da ita.