Kwana Cikin Mota: Abin da Doka Ta Ce

Sau da yawa akan kawo wa Hakimai ƙarar direbobin manyan motoci waɗanda dare ya yi musu a hanya, suka ya da zango a bakin gari, kamar yadda ake gani a Tafa da Mararrabar Jos. To, ya kamata a sani kwana cikin mota shi kaɗai ba laifi ba ne. Tun 1989 dokar Tarayya ta hana a tuhumi mutum da laifin gararamba. Abin dubawa shi ne inda motar ta tsaya.

Idan ta tare hanya, wannan laifi ne, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama direban. Idan gonar wani ce, aka ce ya tashi ya ƙi don ya muzguna wa mai ita, ya keta haddi, laifin da Finalkod ta 1959 ta ambata. Gandun dajin gwamnati kuwa, ba a sauka cikinsa sai da izini.

Saboda haka lalle Hakimi ya sa mai unguwa ya nuna wa baƙo masauki, magatakarda kuma ya rubuta sunansa da lambar motarsa. Wanda ya yi gardama a kai shi gun 'yan sanda, kada a ci shi tara a fada.